Ɗigon Haske a Bangon Aji

Daga makaranta

Kawu,

Ina gaishe ka kamar ina durƙushe a gabanka. Yaya gwiwar, yaya kunnen? Mu nan sai godiya. Inna tana fama da bayanta kamar kullum, ta ce in gaishe da yayanta mai taurin kai, in tambaye shi ko ya manta hanyar gidan ƙanwarsa ne. Tun da kunnenka ya yi nauyi waya ta daina yi mana amfani, shi ya sa na ba Dogo direba wannan takarda ya miƙa maka in ya sauke kaya a layinku.

Kawu, tsohon aikinka ne ya biyo ni har aji. Wasu masana daga jami'a sun zo makarantarmu, shugabarsu wata mata da muke kira Dakta. Suna haɗa kai da malamai domin yara su riƙa lura da halin da rana take ciki. Ta ce rana takan yi aman wuta, ta watso abin da ido ba ya gani, ya zo ya girgiza maganaɗisun ƙasa.

Abin da suka kafa mana ba wani abin a zo a gani ba ne. Kwalba ce babba, an rataye guntun maganaɗisu da zare a cikinta, an manna masa ɗan madubi. Tocila tana haska madubin, shi kuma ya jefa ɗigon haske a bangon bayan aji. Yara suna sa alama da alli inda ɗigon ya tsaya, ni kuma in aika rahoto ƙarshen wata. In zangon karatu ya ƙare Dakta za ta dawo. Ajin da ya nuna yana gani za a bar masa kwalbarsa, wanda bai nuna ba a kai ta wata makaranta. Mun riga mun sha kunya sau ɗaya: na buga waya da ɗoki na ce ɗigo ya motsa, ashe mai shara ce ta ja teburin.

Ba na so a ɗauke musu ita, Kawu. Ka ba ni shawara.

'Yarka

*

Daga shago

Malama,

Takardarki ta same ni da rai, ban dai ce da lafiya ba. Gwiwa tana nan tana aikinta. Kunne kuwa, ranar Litinin da hantsi na ɗauka ya fara yi mini sallama. Ina gyaran wata tsohuwar rediyo, na kamo tasha mai nisa a gajeren zango, wani mutum yana ta zuba da harshen da ban sani ba, ina jin daɗinsa kamar yayyafi a kan kwano. Sai muryar ta yi ta nisa, ta yi ta nisa, kamar mai tafiya yana waiwaye, har ta ɓace. Na murɗa ko'ina, babu kowa. Hayaniyar titi ina jin ta sama-sama yadda na saba, amma duk abin da ke nesa ya tafi. Na ce ashe haka kurumta take cin mutum, daga nesa take farowa. Bayan an jima muryoyin suka dawo ɗaya bayan ɗaya kamar awaki da yamma. Kada ki gaya wa uwarki, za ta aiko mini da magani.

To, masana sun dawo ke nan? Barka da zuwansu.

Tasharmu ta auna maganaɗisun ƙasa tana can bayan gari. Ɗaki ne na katako wanda ba a buga masa ƙusar ƙarfe ko ɗaya ba, duk tagulla ce. A bakin ƙofa akwai kwanon katako, kowa sai ya zuba makullansa da agogonsa da bel ɗinsa kafin ya shiga. Har darakta haka yake shiga, yana riƙe da wando da hannu ɗaya. Ciki duhu ne da shiru irin na rijiya, sai wani siririn haske da ke sauka a kan takardar hoto. Nakan ji kamar ƙasa tana numfashi a ƙarƙashin tafin ƙafata. A lokacin na ɗauka muna cikin abin da ba zai ƙare ba.

Ba wanda ya kore mu da baki. An dai daina tunawa da mu ne, har ranar da aka sa wa ƙofa kwaɗo, kuma kwaɗon ƙarfe. Na ji yanzu siminti ake ajiyewa a ciki. Ni da na kwana a kan lissafin da ba kowa ke iya karanta shi ba, ga ni ina liƙe waya da dalma, tela maƙwabcina yana kirana Farfesan Batir.

Shawarata biyu ce. Kada ƙarfe ya kusanci kwalbar. Kada kuma zuciyarki ta kusance ta. Kayan aro ba ya rufe katara.

Kawunki

*

Daga makaranta

Kawu,

Allah ya ƙara sauƙin kunnen. Ban gaya wa Inna ba. Takardarka ta zo ranar Alhamis, washegarin abin da zan ba ka labari.

Ranar Laraba ina tsakiyar darasi sai monita ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ɗigon yana tafiya."

Wani daga baya ya ce, "Idonki ne ke tafiya, yunwa ce."

Na juya. Kawu, yana tafiya. A hankali, kamar tururuwa mai ɗauke da kaya. Na ce kowa ya sandare a inda yake. Ajin da ba ya yin shiru ko hedimasta ya shigo, sai ga shi ana jin numfashin juna. Ɗigon ya wuce alamar jiya, ya wuce tsagar bango, ya tsaya yana ɗan karkarwa, sannan ya juyo. Yara suka riƙa zuwa da sanɗa, takalma a hannu, suna sa alama. Aka kaɗa ƙararrawar tashi ba wanda ya motsa. Wata ƙarama ta raɗa mini, "Malama, ranar ce take taɓa bangonmu?" Yanzu bangon ya cika da alamu kamar sawun tsuntsaye.

Ban buga wa Dakta waya ba, tsoron kunyar farko ya hana ni. Ga shi kuma a makon nan ana sauke rodi a bayan katangar makaranta, motar ma tana zuwa tana tafiya. In na sake kawo ƙarya, ina ganin shi ke nan. Rahoton wata ya kusa. Kai ka san abin nan. Me muka gani?

'Yarka

*

Daga shago

Malama,

Ina nan yadda kika sani. Tela yana gaishe ki, ya ce in tambaye ki ko a ajinku ana koyar da yadda ake sa tsoho dariya.

Kin tambaye ni me kuka gani. Kun ga motar rodi. Ke da kanki kin rubuta amsar a ƙarshen takardarki. Tulin ƙarfe yana zuwa yana tafiya a bayan katanga, guntun maganaɗisu yana rataye da zare, me kike so ya yi in ba ya bi shi da kallo ba? Mu da muke da ɗakin da babu ƙusa, keken masinja ya taɓa sa mu murna ta kwana guda.

Na san daɗin da kika ji. Na san shirun nan, na sha shi kamar ruwan sanyi. Amma duniya ba ta zuwa bangon ajin irinmu ta yi magana. In kika aika, za su yi murmushi irin na masu ilimi, su ce malamar nan ce ta mai shara. Ki rubuta ba a ga komai ba. Alamun kuma ki sa a goge, kada yara su saba da gaskata duk abin da ya yi musu kyau. Gara su koya yanzu daga bakinki da su koya da furfura kamar ni.

Kawunki

*

Daga makaranta

Kawu,

Muna lafiya. Ina fata kai ma haka.

Na yi yadda ka ce. Na gaya wa yara mota ce. Na miƙa wa monita tsumma, ta tsaya tana kallona, sannan ta goge. Na aika rahoto: ba a ga komai ba.

Jiya Dakta ta bugo. Ranar Larabar nan guguwar rana ce ta iso, babba, irin wadda akan daɗe ba a gani ba. Duk makarantun da ke da kwalba sun gani. Mu kaɗai muka ce babu. Ta ce wataƙila wurinmu bai dace ba, za ta duba in ta zo.

Wasu yaran suna da 'yan'uwa a wata makarantar, sun riga ni jin labari. Sun daina juyawa baya. Tocila tana ci, ɗigon yana bango, ba mai kallonsa.

In za ka ba da haƙuri, ba ni za ka ba.

'Yarka

*

Daga shago

Malama,

Lafiyata ba abin tambaya ba ce yau.

Na karanta takardarki a tsaye, na zauna, na sake karantawa. Sai Litinin ɗin nan ta faɗo mini. Muryoyin nesa da suka ɓace da hantsi ba kunnena ba ne. Aman ranar ne ya fara isowa, ya toshe hanyar da gajeren zango ke bi a sama. Haka take yi: haskenta ya riga zuwa ya kashe rediyo, bayan kwana biyu ko uku guguwar ta biyo ta girgiza maganaɗisu. Wannan shi ne darasin farko da aka koya mana. Rana ta shigo shagona ta yi sallama, ni kuwa na zauna ina makokin kunne. Na rubuta miki shi da hannuna, kika rubuto mini sauran rabin, na kasa haɗa su. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni macijin ne na gani, na ce tsumma ne.

Na fahimci abin da kike nufi da ba ke zan ba haƙuri ba. Ga takarda nan a ciki zuwa ga Dakta. Da Turanci na rubuta ta, na kawo sunan tasharmu da matsayina a can, na bayyana cewa kuskuren hukunci daga gare ni yake ba daga malama ba. Na yi kwana biyu ina gyara ta. Masana sukan saurari ɗan'uwansu, ko da ya yi tsatsa.

Kawunki

*

Daga shago

Malama,

Ina fata lafiya ce ta kawo shirun nan. Dogo ya zo ya tafi, ya sake zuwa, hannunsa babu komai. Na tare shi a bakin mota, ya ce, "Baba, ni kaya nake ɗauka, ba na ɗaukar fushin mutane." Ban san ko wasa yake ba.

Kwanakin nan ba na iya aiki. Da rana tsaka wani haske yakan shigo ta hudar rufin shago ya sauka a kan teburina, tsakanin ƙusoshi da tsofaffin batura. Shekara da shekaru yana zuwa ban kula shi ba. Yanzu nakan ajiye abin hannuna in bi shi da ido, yana rarrafe a kan katako, ya hau bayan wata rediyo, ya sauka. Tela ya leƙo ya ce, "Farfesa, wahayi ake jira ko kwastoma?" Na ce masa duk wanda ya riga zuwa.

Jiya na gyangyaɗa a kan kujera na yi mafarkin tasharmu. An buɗe ta, an kwashe simintin, yara sun cika ta a zaune a duhu. Ina bakin ƙofa ina ta zuba ƙarfe a kwano, in na ciro makulli sai wani ya fito daga aljihu, har kwanon ya cika yana zuba, ban samu shiga ba.

Ko zagi ne ki aiko. Dakta ta karanta?

Kawunki

*

Daga makaranta

Kawu,

Lafiya lau muke. Na yi shiru ne don kada in rubuta abin da Inna za ta ji ta yi kuka.

Ga takardarka ta Dakta na dawo maka da ita. Turancin ya yi kyau. Amma Dakta ba ta goge komai ba, ba a kuma ce mata idonta ƙarya yake yi ba. Na riga na gaya mata gaskiya da bakina, ta ce ta ji, amma kwalba ba ta da amfani a ajin da ba ya kallonta. Ranar Talata ta sama za ta zo.

Har yanzu sama kake kallo, Kawu, wajen masu manyan kujeru. Waɗanda nake nufi a kan benci suke zaune.

'Yarka

*

Daga shago

Zuwa ga 'yan ajin kwalba, ta hannun malamarku,

Ina gaishe ku. Ni tsoho ne mai gyaran rediyo, kawun malamarku. Kunnena ba ya ji sosai, gwiwata ba ta lanƙwasuwa, sauran jikin yana nan.

Ni ne na ce mota ce. Malamarku ta tambaye ni don na taɓa yin wannan aiki, ni kuma na ba ta amsar da ba daidai ba. Ba mota ba ce. Rana ce. Wadda ta ce ɗigon yana tafiya ta faɗi gaskiya. Wanda ya ce yunwa ce, ni da kai jirgi ɗaya ya ɗauko mu, sai dai kai kana da uzurin yunwa.

Bari in gaya muku abin da kuka gani. Can sama, nesa da inda tsuntsu ko jirgi zai kai, rana ta yi tari. Abin da ta watso ya yi ta tafiya cikin duhu da sanyi, babu hanya, babu masauki, dare da rana, har ya iso ya daki ƙasarmu kamar yadda iska ke dukan labule. Duk faɗin duniya ta ɗan girgiza, mutane suna ta ciniki da faɗa ba su sani ba. Ku kuka sani, don kun yi shiru kun duba.

Na yi shekaru a ɗakin da aka gina domin wannan kaɗai, amma ban taɓa ganinsa yana faruwa ba. Namu hasken a kan takardar hoto yake rubutu, a ɗaki rufe. Sai washegari mu wanke takardar mu ga abin da ya wuce, kamar mai zuwa biki bayan an watse. Ku kun gan shi da rai, yana tafiya. Gani ya kori ji, balle jin kurma.

In babba ya sake ce muku ba ku ga abin da kuka gani ba, ku saurare shi da ladabi, ku rubuta maganarsa a gefe, amma ku bar alamarku a inda take. Ku yafe mini.

Tsoho mai rediyo

*

Daga makaranta

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Inna ta ce wai me na yi maka da har Dogo yake cewa ka rame.

Takardar ta iso ranar Talata da safe, Dakta tana zaune a bayan aji, kwalinta na ɗaukar kwalba yana gefen ƙafarta. Na karanta musu. Da na zo wajen yunwa aka fashe da dariya, mai maganar ya rufe fuska da littafi.

Da na gama sai ƙaramar nan ta ce, "Malama, wai da gaske bai taɓa gani ba? Ko sau ɗaya?"

Na ce haka ya rubuta.

Ta ce, "Wayyo, bawan Allah."

Monita ta tashi ba ta nemi izini ba, ta ɗauki alli ta tafi bango. Ta ce, "Nan ya fara." Wani ya ce, "Ke dai ba ki da ido, sai da ya wuce tsagar nan." Kafin in ankara duk sun taso, ana musu, ana ture juna, wannan ya sa alama wancan ya ce a matsar. Suka mayar da sawun tsuntsayen nan gaba ɗaya daga ka. Na tambaye su na mene ne, suka ce na tsohon ne, tun da bai taɓa gani ba.

Dakta ta daɗe tana kallon bangon. Ta ce wannan ba zai shiga lissafinsu ba, domin abin da aka zana daga tuni ba awo ba ne. Sannan ta ce a taya ta kai kwalin mota. Da na ɗaga shi na ji ba nauyi. Kwalbar tana nan a kan teburinta.

Sai dai akwai matsala. Hedimasta zai sa a yi wa azuzuwa fenti a hutun nan. Yara sun ce ba mai taɓa bangon sai ka gani, har sun fara rabon wanda zai yi gadi. Na ce musu Kawu ba ya tafiya, shekara nawa bai taka ko gidan ƙanwarsa ba. Ka aiko musu da amsa da kanka, ni na gaji da isar da saƙonka.

'Yarka

*

Daga shago

Malama,

Ina lafiya, a bar tambaya.

Dakta ta yi daidai, zanen tuni ba awo ba ne. Kuma kada ki ɗauka na canja ra'ayi game da masana. Za su tafi wata rana, kamar yadda kowa ke tafiya.

Na yi magana da Dogo. Ya ce gidan gaba akwai wuri in zan iya naɗe ƙafa, na ce ba ta naɗuwa, ya ce to a sa ta ta taga. Tela zai riƙa leƙa shago. Ya tambaye ni ina za ni da sabuwar riga, na ce kallon bango. Ya ce dama ya san ƙarshena ke nan.

Ki roƙi mai fenti ya fara da wani ajin. Ki gaya wa uwarki kada ta yi wani shiri, kwana biyu zan yi. A ajiye mini wuri a benci na baya, kusa da ƙaramar nan, ita za ta nuna mini inda ya fara.

Kawunki